Musun Hasashen Guguwar Ƙarshen Kaka a Tekun Atlantika

Kakar mahaukaciyar guguwa a Tekun Atlantika tana farawa ranar 1 ga Yuni ta ƙare ranar 30 ga Nuwamba, amma gardamar 'yan dagaji, wato masu bin yanayi don sha'awa ba don albashi ba, ta fi zafi daga Oktoba, domin a lokacin guguwa ta fi ƙulluwa a yammacin Tekun Karibiyan, dab da gaɓa, inda iskar da ke jan ragamarta kan yi rauni ko ta sauya alkibla ba zato.

Rashin yarda da hasashen hukuma ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Benito Viñes, wani limamin Katolika da ke kula da ɗakin nazarin sama na Belén a Habana, ya fitar da gargaɗin guguwa tun 1875 ta hanyar lura da siraran gizagizan da ke gabatarta. A 1900 Hukumar Yanayi ta Amurka, wadda ta raina magadansa har ta sa aka toshe saƙonninsu na tangaraho, ta zaci wata guguwa za ta karkata arewa, sai ta ratsa Mashigin Meziko ta afka wa Galveston ranar 8 ga Satumba, mutum aƙalla 6,000 suka halaka.

Guguwar ƙarshen kaka ce ta ci gaba da hura wutar musun. Mitch, wadda aka sa ran za ta nufi arewa a Oktoban 1998, sai ta gangara kudu ta yi zaman dirshan a kan Honduras, ruwanta ya kashe sama da mutum 11,000 a yankin. Lenny kuwa, a Nuwamban 1999, gabas ta dosa, saɓanin al'ada. Da intanet ta baza taswirorin lissafin kwamfuta ga kowa, gardamar ta koma tsakanin magoya bayan lissafin Turai da na Amurka, musamman bayan na Turai ya hango, kusan mako guda tun kafin 29 ga Oktoban 2012, cewa Sandy za ta juyo yamma ta faɗa New Jersey.

Sai dai 'yan dagajin sukan haɗe abu biyu da ya kamata a rarrabe. Hasashen hanyar guguwa ya inganta ƙwarai, na ƙarfinta ne har yanzu yake ba masana kunya, kamar yadda Otis ta nuna a Tekun Fasifik a Oktoban 2023, sa'ad da ta kai mataki na 5 a ma'aunin ƙarfin guguwa cikin kusan kwana guda kafin ta daki Acapulco.