Isawa: Daga Kasuwar Kano Zuwa Wusasa

Tun kafin Turawan mishan su kafa ko da rumfa ɗaya a ƙasar Hausa, akwai wasu malamai a Kano da suka ɗora Annabi Isa a matsayin da ya raba su da sauran malaman gari. Isawa ake ce musu. Jagoransu Malam Ibrahim ne, masani a zamanin Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo. A Alƙur'ani ya tarar da ayoyin da suka ambaci Isa ɗan Maryamu da Kalmar Allah da Ruhi daga gare shi, ya tsaya a kansu yana nazari, har ya shiga koya wa almajiransa fifikon Isa. Aka neme shi ya janye, ya ce abin da ya gani ke nan. Wajen 1867 aka tsire shi a kasuwar Kano.

Almajiransa suka watse. Wasu suka haye duwatsun Ningi, inda dama masu gudun hukuman Kano suke fakewa, wasu suka ɓuya a ƙauyukan iyakar Zazzau da Bauci. Ba su da coci, ba su da Linjila. Abin da ke hannunsu shi ne karatun allo da wasiyyar da ake cewa malaminsu ya bari, cewa wata rana masu cikakken labarin Isa za su zo. Masana tarihi suna ja-in-ja kan ko za a kira waɗannan mutane Kirista, domin da yawansu Musulmi suka ɗauki kansu har suka koma ga Allah. Abin da ba a musu a kai shi ne sun riƙe abin da suka gaskata fiye da shekara arba'in, ba don kuɗi ko sarauta ba, sai don neman yardar Allah yadda suka fahimce ta.

A ɗaya gefen kuma ga Dokta Walter Miller, likita daga Ingila da ya koyi Hausa a Tarabulus wurin fatake da alhazai. A 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya, yana magani, yana koyar da yara boko, masu karɓar baftisma kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka yi sallama a ƙofarsa.

Daga nan aka kafa musu gari a Gimi, ƙarƙashin kulawar wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson. Suka sare daji, suka yi gonaki, suka gina makaranta da ɗakin sujada. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne. Ciwon barci ya shiga gida-gida: manomi ya kasa ɗaga fartanya, yaro ya yi ta gyangyaɗi da rana tsaka har ya zarce. Cikin 'yan shekaru garin ya mutu, waɗanda suka yi saura aka kwashe su zuwa Zariya. Duk mai cewa abin duniya ne ya ja mutanen nan, to ya fara lissafa kaburburan Gimi tukuna.

A 1929 mishan ta bar cikin ganuwa ta koma Wusasa, gindin dutse a bayan gari. Can aka gina cocin St Bartholomew da tubali da azara, ginin ƙasa irin na maginan Hausa, mai kaurin bango da sanyin ciki ko da bazara. Aka yi makaranta da asibitin St Luke. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Miller ya daɗe a kansa tare da abokan aikinsa Turawa da Hausawa.

Ƙaramin garin nan ya yi wa Arewa rana. Daga cikinsa Dokta Barau Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Nan Farfesa Ishaya Audu ya yi karatun farko, kafin ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Nan Janar Yakubu Gowon ya girma, nan ne kuma garin John Tafida da ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East.

Duk da haka, Bahaushe Kirista yakan sha tambaya har gobe: wai da gaske kai Bahaushe ne? Tambayar ba ta da tushe a tarihi. Mutanen Wusasa suna addu'a da Hausa, suna sa babbar riga da hula, suna da 'yan uwa Musulmi na jini. Cocinsu na ƙasa yana nan tsaye, Wusasa kuma yau tana da bishop nata na ɗariƙar Angilika. Wanda hanya ta bi da shi Zariya, ya ratse ya gani da idonsa.