Dangantakar Indiya da Amurka

Dangantakar Indiya da Amurka ta daɗe tana tangal-tangal. A zamanin yaƙin cacar baka Indiya ta zaɓi zama 'yar ba-ruwanmu amma ta karkata ga Tarayyar Sobiyat, yayin da Amurka ta kusanci Pakistan. Gwajin makaman nukiliya da Indiya ta yi a 1998 ya jawo mata takunkumi daga Washington.

Al'amura sun sauya da yarjejeniyar nukiliya ta zaman lafiya da aka sanya wa hannu a 2008. A 2016 Amurka ta ayyana Indiya a matsayin babbar abokiyar hulɗar tsaro. Ƙasashen biyu suna atisayen sojan ruwa na Malabar tun 1992, kuma suna cikin ƙawancen Quad tare da Japan da Ostareliya. Damuwa kan ƙarfin Sin ce ta fi kusanto da su, sai dai sayen makamai da man fetur da Indiya ke yi daga Rasha yana haddasa saɓani.