Kandida: Furotin da Take Fitarwa da Yadda Suke Cutar da Jiki

Kandida wani nau'in fangas ne mai kama da yis ɗin da ake kwaɓa fulawar burodi da shi. Nau'in da ya fi kama ɗan Adam shi ne Candida albicans. Mutane da yawa suna ɗauke da ita a baki da hanji da fata da farji ba tare da ta yi musu komai ba. Sai ta samu dama ne take zama cuta, kuma makamanta a lokacin su ne wasu furotin da take zubarwa a kan naman jiki. Idan kun san aikin waɗannan furotin, za ku gane dalilin ƙaiƙayi da raɗaɗin da kuke ji, da dalilin da ciwon ke yawan dawowa.

Yadda take rikiɗa

A zaman lafiya Kandida ƙwaya ce 'yar dunƙulalliya. Idan garkuwar jiki ta yi rauni, ko ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke danne ta suka ragu, sai ta miƙe ta fitar da dogayen zare da ke kutsawa cikin nama. A wannan siffa ce ta fi fitar da furotin masu lahani.

Manyan furotin ɗin

1. Rukunin Sap. Guda 10 ne, daga Sap1 zuwa Sap10. Aikinsu narkar da furotin na jikin mutum domin Kandida ta samu abinci. Suna narkar da majinar da ke kare bango na cikin baki da farji, da abin da ke manne ƙwayoyin fata da juna, har da wasu dakarun garkuwar jiki irin su IgA.

2. Masu narkar da kitse. Bangon kowace ƙwayar halitta ta jikinku da kitse aka gina shi. Kandida tana fitar da sinadarai irin su Plb1 da ke sassaƙe wannan bango, hanya ta buɗe mata.

3. Kandidalaisin. Wannan ƙaramin dafi ne da masu bincike na Landan a Ingila da na Jena a Jamus suka bayyana a shekarar 2016. Zaren Kandida ne ke fitar da shi, yana huda ƙwayoyin da ke shimfiɗe a baki da farji. Jiki kuma sai ya tura fararen ƙwayoyin jini wurin, shi ne ake samun ja da kumburi da raɗaɗi.

4. Pra1. Jiki yakan ɓoye sinadarin zinki don ƙwayoyin cuta su rasa abin girma. Wannan furotin yana kama zinkin ya dawo wa Kandida da shi.

Ban da waɗannan, Kandida tana taruwa ta yi wa kanta shimfiɗa mai yauƙi a kan haƙoran roba, da robar fitsari, da robar da ake sakawa a jijiya. Magani ba ya ratsa wannan shimfiɗa da sauƙi, shi ya sa likita kan cire robar ko ya sauya ta.

Alamomi

A baki: fari-fari a harshe da cikin kumatu kamar gudajin nono, wanda idan aka goge ake ganin ja a ƙarƙashi. An fi gani a jarirai.

A farji: ƙaiƙayi mai tsanani, farin ruwa mai kauri da ba ya wari sosai, zafi lokacin fitsari ko saduwa. Kimanin mata 3 cikin 4 sukan gamu da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Yana cikin abin da ake kira ciwon sanyi, amma ba kowane sanyi ne Kandida ba, kuma ba daga zama a bayan gida ake ɗaukarta ba.

A fata: jajayen kuraje masu ɗanshi a ƙarƙashin nono, hammata, matsematsi, ko wurin kunzugun jariri.

A jini: zazzaɓi da ba ya jin antibayotik ga majiyyacin da ke kwance a asibiti. Wannan yana iya kisa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka Candida albicans da 'yar'uwarta Candida auris cikin rukunin fangas mafi haɗari.

Su wa ta fi kamawa?

Masu ciwon suga da ba a daidaita ba, masu juna biyu, masu ɗauke da cutar ƙanjamau, masu shan maganin kansa, masu amfani da maganin sitiroid, da masu shan antibayotik barkatai.

Magani

Magungunan da ake da su yanzu suna kai hari ne ga bango ko fatar Kandida. Idan ta mutu ko ta daina girma, fitar furotin ɗin ma ya tsaya. Ana ba da nystatin na ɗigawa a baki, clotrimazole na shafawa ko na cusawa, da fluconazole na haɗiya. Mai juna biyu kada ta sha fluconazole sai da umarnin likita. Na cusawa na kwana 7 aka fi ba ta. Ampiclox da Flagyl ba sa kashe Kandida, antibayotik ma yakan ƙara mata ƙarfi.

Kariya

Ku daidaita sukarin jininku. Ku daina sayen antibayotik a kemis ba tare da takardar likita ba. Mata su guji wanke cikin farji da sabulu ko Dettol, da cusa haɗe-haɗen matsi, domin suna kashe bakteriya masu kare wurin. A sa ɗan kamfai na auduga, a busar da jiki bayan wanka. Mai shaƙa maganin asma mai sitiroid ya kurkure baki bayan kowace shaƙa.

Yaushe za ku je asibiti?

Ku je idan wannan ne karo na farko, idan ciwon ya dawo sau 4 a shekara, idan bai lafa ba bayan mako guda ana magani, idan jariri ya ƙi kama nono, ko haɗiya ta yi zafi. Babban mutum da ya ga farin nan a bakinsa ba gaira ba dalili ya nemi gwajin suga da na ƙanjamau, domin sau da yawa ita ce alamar farko.