Mutuwar Kalmomin Aro na Lokacin Zafi: Darasi daga Ingilishi ga Manhajar Hausa

Gabatarwa

Wannan sashe zai duba yadda Ingilishi ya ari wasu kalmomin zafin bazara daga Faransanci sannan ya yar da su, domin mu ga abin da hakan ke nuna mana game da namu kalmomin da makomarsu a aji.

Tarihin aron

Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na ƙarnoni, kuma dubban kalmominsa suka kwarara cikin Ingilishi. Daga cikin waɗanda suka shiga har da canicule, wato kwanakin tsananin zafi, da estival, wato abin da ya shafi lokacin zafi. Asalin canicule Latin ne, ma'anarta ƙaramar karya, laƙabin tauraron Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi. Rumawa sun lura cewa fitowarsa da asuba tana dacewa da ƙunar watannin Yuli da Agusta.

Kalmar ba ta yi saiwa a Ingila ba. Ta tsaya a littattafan masana taurari da likitoci, talakawa kuwa suka riƙe fassararta da kalmominsu na gida, wato kwanakin kare. Ita ma estival ta koma hannun masana kimiyya. Amma autumn, wadda ita ma daga Faransanci ta zo, ta zauna daram, domin kowa na bukatar sunan kaka. A Faransa kuwa canicule tana nan da ranta, musamman tun zafin Agustan 2003 da ya hallaka mutane kusan 15,000. Ke nan kalmar aro tana rayuwa ne gwargwadon aikin da take yi wa jama'a.

Inda abin ya shafe mu

Hausa ta bi irin wannan hanya, sai dai daga Larabci ta yi aron. Malamai sun kawo lissafin taurari 28, kowane da kwana 13, in ban da Jabha mai 14, jimla 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari, kamar yadda Mervyn Hiskett ya nazarta a waƙoƙin Hausa a 1967. Taurarin ƙarshen bazara su ne Buɗaina da Suraiya da Dabaran, daga nan sai Haƙ'a ta buɗe damina. Da wannan lissafi manomi kan san lokacin sharar gona da tanadin iri.

Yaron da ya tashi a Wuse ba ya noma, kuma hasashen yanayi a rediyo da waya ya karɓe aikin lissafin. Suraiya a wurinsa sunan mace ne kurum, alhali sunan gida na waɗannan taurari, kaza da 'ya'yanta, ya fi saurin zama a kunnensa. Haka kalmar agazari, zafin da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa, take ja da baya. Idan suka ɓace, tsofaffin waƙoƙi da rubuce-rubucen ajami masu ambatonsu za su zame wa ɗalibi rufaffen ɗaki.

Kammalawa

Muna ba da shawarar a koyar da waɗannan kalmomi tare da aikin da suka yi, a darasin al'ada da na adabi, maimakon a bayar da su jeri don hadda. Haka kuma malami ya lura da inda yake koyarwa. A Abuja zafi kan kai maƙura a Maris, ruwa ya sauka a Afrilu, alhali a Kano Afrilu ne tsakiyar ƙuna. Idan aka sa ɗaliban Wuse su gwada lissafin taurari da abin da suke gani a garinsu, kalmar za ta sami aikin yi, kuma mai aiki ba ta saurin mutuwa.