Tarihin horar da masu inganta iri a ƙasar Kano

Inganta iri shi ne haɗa auren tsirrai biyu masu halaye daban-daban, sannan a yi ta zaɓe cikin 'ya'ya da jikoki har a samu wanda ya gaji alherin iyayen biyu. Manomin ƙasar Hausa ya daɗe yana rabin wannan aiki: a lokacin girbi yakan ware zangarniyar da ta fi cika, ya rataye ta a rumbu don shukar baɗi. Ta haka aka samu Kaura da Farafara a dawa, Ɗan Ila da Kanannado a wake. Koyar da aikin a aji da gonar gwaji kuwa, kasuwa ce ta jawo shi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da ta biyo baya cinikin gyaɗa ya buɗe. Fagge, tsohon zangon fatake a bayan ganuwa, ta cika da dillalai da kantuna, Sabon Gari kuma ta tashi a gefenta. Masu saye suna son gyaɗa da auduga masu kama ɗaya, manomi yana son yabanya mai jure cuta. A 1922 aka kafa hedikwatar sashen aikin gona na Arewa a Samaru, Zariya. Turawa ne ke haɗa iri a lokacin, 'yan ƙasa kuwa aka koya musu awon gona, rubuta sakamako da aikin malamin gona. A 1962 cibiyar ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da sunan IAR, daga nan ɗan Arewa ya samu hanyar yin digiri a fannin, ya zama mai fitar da iri da kansa. Sunayen SAMNUT, SAMPEA, SAMSORG da SAMMAZ da ake gani a jikin leda duk daga Samaru suka samo asali.

A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye kimanin hekta 700,000 a Arewa. Dalar gyaɗa dama ta fara ja da baya, wannan annoba ta ƙarasa ta. Ta kuma nuna cewa mai inganta iri ba ya gama karatu, domin cuta ba ta jiran wanda ya tsaya kan abin da ya koya jiya.

Kano ta zama makaranta a kanta bayan cibiyar IITA ta Ibadan ta buɗe tasha a birnin a 1990, da gonar gwaji a Minjibir. A nan B. B. Singh, masanin wake ɗan Indiya, ya yi shekaru yana aiki da ɗalibai da ma'aikata. Horon na hannu ne. Da yamma mai koyo zai durƙusa gaban furen wake da bai buɗe ba, ya tsaga shi da ɗan hantsaki, ya cire sassan namiji ba tare da ya ji wa na mace rauni ba. Da sassafe ya shafa masa ƙurar furen uban da aka zaɓa, ya ɗaura zare da lamba. Da yawa sukan zube. Wanda ya kama, sai an bi zuriyarsa damina bayan damina, sau da yawa shekara takwas zuwa goma, kafin a ba shi suna. Ta wannan hanya aka ɗauko juriyar wuta-wuta daga wani wake na Botswana mai lamba B301, aka kai ga SAMPEA 10. Cibiyar bincike ta ICRISAT ma tana da ofis a Kano, tana aiki kan dawa, gero da gyaɗa.

Daga baya aka gane cewa wanda ya yi karatu a Turai kan alkama yakan dawo bai san maiwa ba. A 2007 aka kafa WACCI, cibiyar horar da masu inganta iri, a Jami'ar Gana, inda ɗalibin digirin digirgir ke yin darasi a can, ya koma gida ya yi bincike kan amfanin ƙasarsa. 'Yan Najeriya da Nijar sun amfana. A 2013 aka buɗe makarantar ƙarin ilimi ta masu inganta iri a Nairobi, tare da Jami'ar Kalifoniya ta Davis, don waɗanda ke bakin aiki su koyi zaɓe da alamomin ƙwayoyin gado. A Kano kuwa, Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa a 2012. A 2019 ayarin Farfesa Mohammad Ishiyaku na IAR ya fitar da SAMPEA 20-T, waken da aka sauya wa ƙwayar gado don ya kare kansa daga tsutsar maruka, kuma har yau ana muhawara a kansa.

Inda horon ya fi rauni shi ne ƙarshen layi. A kasuwar Sabon Gari, mai shagon iri da maganin feshi ne manomi ke tambaya: wanne ke nuna da wuri, wanne za a iya ajiyewa a sake shukawa? Masarar aure ba ta ba da irin baɗi mai kyau, sai an sayi sabo kowace shekara, kuma mai shagon da bai san wannan ba zai iya jawo wa manomi asarar damina guda. Hukumar kula da iri ta ƙasa da KNARDA, hukumar noma ta jihar Kano, kan shirya bita ga dillalai da malaman gona, amma ta 'yan kwanaki ce, yawanci idan wani shiri ya kawo kuɗi.