Nisan asibiti da jinyar cututtukan fatar yara a Gidan Goga

Makero da ƙazuwa na cikin cututtukan fata da suka fi addabar yara a karkara, kuma jinyarsu ba ta kwana ɗaya ba ce. Makeron kai yana buƙatar maganin sha na mako 6 zuwa 8, domin na shafawa ba ya kaiwa saiwar gashi. Ƙazuwa kuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, sai an yi wa duk mutanen gida magani tare, a maimaita bayan mako guda.

A nan nisa ke yin ɓarna. Idan ciwon yaro daga Gidan Goga ya gagari asibitin Maradun ko na Talata Mafara, sai manyan asibitocin Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Zuwan farko akan daure. Komawar ce aiki: kuɗin mota, asarar yinin gona, ga fargabar 'yan bindiga a hanya. Da ƙaiƙayi ya lafa sai a ajiye kati a koma kemis, inda man shafawa mai sinadarin sitiroyid kan rufe makero alhali yana yaɗuwa.