Likitan Da Ya Zo Neman Annoba A Gidajen Accra

A farkon shekara ta 1908 wata annoba ta ɓulla a birnin Accra, wanda Hausawa ke kira Ankara. Cutar ita ce wadda ƙuma ke ɗaukowa daga jikin ɓera ta sa wa mutum, sai zazzaɓi mai zafi ya kama shi, kaluluwa ta fito masa, sau da yawa cikin kwanaki kaɗan ya rasu. Hankalin gwamnatin Turawa ya tashi ƙwarai, gama Accra ce hedkwatar ƙasar tun 1877, kuma jiragen ruwa suna zuwa suna tafiya. Sai aka aiko da wani likita daga Landan mai suna William Simpson.

Simpson ba baƙon wannan aiki ba ne. Ya yi shekaru yana shugaban ma'aikatan lafiya na birnin Kalkata a Indiya, ya kuma bi sawun wannan annoba a Afirka ta Kudu da Hong Kong, sa'an nan yana koyar da ilimin tsabta a King's College ta Landan. Abin da ya bambanta shi da likitoci da yawa na zamaninsa shi ne, ba ya tsayawa a bakin gadon majiyyaci. Yakan shiga unguwa ya duba ɗakin da mutumin ya kwana, ko yana da taga, mutum nawa ke kwana a ciki, ina ake ajiye hatsi, ina ruwan wanka ke bi. A tsofaffin unguwannin James Town da Ussher Town ya tarar da gidaje a cunkushe, lunguna kuwa ba iska ba magudana. Aka killace garin, aka yi wa mutane allurar rigakafi, aka rushe gidaje, aka kwashe waɗansu zuwa sababbin wurare kamar Korle Gonno da Adabraka. A shekarun da suka biyo ne Malam Bako ya tashi da jama'arsa daga tsohon zangon Hausawa na tsakiyar gari, ya kafa Sabon Zango.

Simpson ya gane ciwon, amma maganin da ya rubuta a rahotonsa na 1909 yana da son kai a ciki. Ya nace a raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, a bar fili tsakaninsu. Wato aka tsare lafiyar 'yan tsiraru, talaka kuwa aka matsar da shi gefe da cunkosonsa. Wanda ya san Kano zai gane wannan tsari, domin dokar garuruwa ta 1917 a Nijeriya ta sa a bar yadi 440 babu gini kewaye da unguwar Turawa.

Nima ta taso daga baya, wajen 1931, sa'ad da Malam Amadu Futa, mai cinikin shanu, ya sami fili daga wani gida na mutanen Osu. Da yake wurin yana bayan iyakar hukumar birni a lokacin, ba wanda ya shata titi ko ya ja famfo kafin mutane su gina. Yaƙin duniya na biyu ya jawo ma'aikata da tsofaffin sojoji daga Arewa da ƙasashen Faransa, masu gida suka yi ta ƙara ɗakunan haya a tsakar gida, har Maamobi ma ta cika. Bayan samun 'yancin kai aka gina rukunin gidajen Kanda dab da Nima, da tituna a shirye da bayan gida a kowane gida. Iyalai da yawa na Nima kuwa suka ci gaba da bin layi a bayan gida na jama'a, suna sayen ruwa da bokiti, babban kwata na bi ta tsakiyar unguwa.

Kwalara ta shigo Gana a 1970. Da ta sake ɓarkewa a 2014, ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar, akasarinsu a Accra da kewayenta, kuma unguwannin da ba su da famfo da bayan gida a cikin gida su ne suka fi shan wuya.